Gadon asibiti ma yana da nasa ciwon: abin da nake gaya wa mai jinya tun daren farko

Na fi shekara ashirin ina aikin jinya, yawanci a ɗakin da ake kwantar da waɗanda za su daɗe: tsofaffi masu karayar ƙugu, masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda aka yi wa babbar tiyata. Kusan kowane gado za ka tarar da mutum guda zaune a gefensa, ɗa ko 'ya, mata ko ƙane, idanu sun yi jajur don rashin barci, yana so ya taimaka amma yana tsoron ya taɓa wani abu ya ɓata. Da kai nake magana.

Ciwon da ya kawo ɗan'uwanka asibiti, likita zai ji da shi. Amma akwai wasu cututtukan da kwanciyar kanta take haifarwa: gyambon kwanciya, ƙwarewa da ke kai wa ga ciwon huhu, faɗuwa daga gado, gudan jini a ƙafa, da ƙwayar cutar da hannu ya ɗauko daga wani wuri. Babu ɗaya daga cikinsu da majinyaci ya zo da shi daga gida, kuma tsare su a hannunmu yake, ni da kai. Ni ina da gadaje da yawa da nake zagayawa, kai kuwa gado ɗaya gare ka, saboda haka sau da yawa idonka zai riga nawa gani.

Fara da hannunka

A shekarar 1847 wani likita mai suna Ignaz Semmelweis, a wani asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya lura mata masu haihuwa sun fi mutuwa da zazzaɓi a ɓangaren da likitoci ke zuwa kai tsaye daga binciken gawa. Ya sa aka riƙa wanke hannu da ruwan kulorin kafin a taɓa kowace mace, mace-macen suka ragu ƙwarai. Har yau babu wani abu mai sauƙi da ya kai wannan kare majinyaci. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce daƙiƙa 40 zuwa 60 idan da ruwa da sabulu ne, daƙiƙa 20 zuwa 30 idan da sanitaiza ce. Ka cuɗa tsakanin yatsu da bayan hannu da babban yatsa, don nan ne aka fi tsallakewa. Ka wanke kafin ka taɓa shi, kafin ka ba shi abinci, bayan ka taɓa fo ko zanin gado, da kuma lokacin da za ka bar wurin. Idan gudawa yake yi, ko kana ganin datti a hannunka, sabulu da ruwa za ka nema, sanitaiza ba ta isa ba. Masu zuwa dubiya su ma ka nuna musu famfo, ba rashin kunya ba ne. Wanda yake mura ko tari ya haƙura, ya kira a waya.

Fata da juyi

Nan zan fi tsayawa, domin nan ne na taɓa yin sakacin da ban manta da shi ba. A shekaruna na farko akwai wani dattijo da ya karye a ƙugu. Ina juya shi, ina duba bayansa, ina jin na yi abin da ya kamata. Ban cire masa safa ba na kwana biyu saboda yana kukan sanyi. Ranar da na cire, na tarar duka dundunniyarsa ta dama ta yi baƙi kirin. Ƙashin ya haɗe a kan lokaci, amma gyambon ƙafar ya hana shi takawa na tsawon watanni. Tun daga ranar ban sake duba majinyaci ban ga dunduniyarsa da idona ba.

Yadda abin yake faruwa shi ne, inda ƙashi yake kusa da fata, nauyin jiki yana matse ƙananan jijiyoyin jini tsakanin ƙashin da katifa. Mai lafiya yana motsawa ko a cikin barci, bai ma san ya yi ba. Wanda ba ya iya motsi, ko ba ya jin zafin wurin, jini yana yankewa a can, naman ya fara mutuwa, wani lokaci cikin 'yan awoyi kawai. Wuraren da za ka sa wa ido su ne ƙasan gadon baya daidai saman ɗuwawu, dundunniya, gefen kwatangwalo, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya, da bayan kunne idan robar oksijin ta ratsa ta nan.

Littattafai da yawa suna cewa a nemi wurin da ya yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa fili, kuma wannan ya sa ake makara. Ka nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko yana ƙyalli. Ka taɓa da bayan yatsunka: ya fi sauran jiki ɗumi ko sanyi? Ya yi tauri, ko ya yi laushi kamar akwai ruwa a ƙasa? Ka duba a hasken rana ko da fitila mai kyau, ka kwatanta dama da hagu. Idan ka ga canji, ka ɗauke nauyi daga wurin nan take ka gaya wa nas. Kada ka murza. Na san zuciya tana ba mutum cewa tausa za ta sa jini ya gudana, amma naman da ya riga ya wahala ƙara dagargajewa yake yi idan an murza shi.

Ƙa'idar da muka saba da ita ita ce a juya wanda ba ya iya juya kansa duk bayan awa biyu, dare da rana, sai dai idan an ba shi katifa ta musamman kuma ma'aikata sun faɗi wani tsari. Kada a kifa shi gaba ɗaya a kan ƙashin kwatangwalo. A ɗan karkata shi kamar digiri 30, a tokare bayan da filo, a sa wani filon tsakanin gwiwoyi. Dundunniya kuma a rataye ta: a sa filo bisa tsawon ƙafa a ƙarƙashin sha-raɓa yadda za ka iya zura tafin hannunka tsakanin dunduniya da katifa. Zoben roba mai rami a tsakiya da wasu ke saya don a zauna a kai, a bar shi, domin gefen zoben ne ke datse jini.

Wurin gyara shi zuwa sama idan ya zame, kada ka kama hamatarsa ka ja. Jan yana goge fata, kuma kafaɗar mai shanyewar ɓarin jiki tana iya gocewa. A shimfiɗa wani zani a ninke a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya, mutum biyu su kama gefe da gefe, a ƙirga, a ɗaga tare. Ka tanƙwara gwiwarka, kada ka sunkuya da bayanka, don idan bayanka ya riƙe an sami majinyaci biyu. Wanda ya ji rauni a wuya ko ƙashin baya, ko aka yi masa aiki a ƙugu, kada ka juya shi sai ma'aikaci ya nuna maka yadda ake yi.

Danshi abokin gyambo ne. Fitsari, bahaya ko gumi, da zarar ya ɓata a wanke da ruwa mai ɗumi, a tsane da tawul ta hanyar dannawa a hankali, a shafa man da nas ta ba da. Zanin gado ya zama a miƙe. Ninki guda, ko ɓarɓashin abinci, ko murfin allura da ya faɗa ƙarƙashinsa, ya isa ya yi tabo kafin asuba. Mu ma'aikata muna auna haɗarin da wani ma'auni da ake kira Braden, wanda Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka fitar a 1987. Yana duba jin taɓawa, danshi, yawan motsi, iya juyawa, cin abinci da gogayya, makinsa daga 6 zuwa 23, kuma ƙarancin maki shi ne yawan haɗari. Kana iya tambayar makin ɗan'uwanka. Idan 18 ne ko ƙasa da haka, ka ɗauki maganar juyi da muhimmanci.

Ci da sha

Ban taɓa yarda a ɗura wa mutum ruwa yana kwance ba. Hanyar abinci da ta iska maƙwabta ne a maƙogwaro, kuma rashin lafiya yana raunana abin da ke raba su. Idan ruwa ko abinci ya bi ta hanyar iska ya sauka huhu, bayan kwana ɗaya ko biyu sai zazzaɓi da tari su taso. Ka zaunar da shi sosai, ka tabbata ya farka garau, cokali ƙarami, loma ɗaya, ka jira ya haɗiye kafin ta gaba. Kada ka sa shi hira da abinci a baki. Bayan ya gama ya ci gaba da zama aƙalla minti 30.

Alamun da za su sa ka ajiye cokali: tari a lokacin haɗiya, murya ta koma kamar mai kurkure, ido ya kawo ruwa, ko abinci ya taru a kumatu ɗaya. Mai shanyewar ɓarin jiki kada a ba shi komai ta baki, ko da kurɓin ruwa ne, sai an gwada haɗiyarsa. Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne tsurar ruwa ya fi abu mai ɗan kauri saurin ƙware mai irin wannan matsala, saboda yana gangarawa kafin maƙogwaro ya shirya. Wanda ake ciyarwa ta robar hanci kuma, kan gadonsa ya kasance a ɗage digiri 30 zuwa 45, kuma idan ka ga robar ta zame ta fito fiye da yadda take, kada a zuba komai sai nas ta duba.

Idan an ce kada ya ci kada ya sha saboda tiyata, to har cikin ranka ka yarda. Na ga uwa tana kuka tana cewa yaronta ƙishirwa za ta kashe shi, kuma na fahimce ta. Amma abin da ke cikin ciki yana iya dawowa ya shiga huhu lokacin da aka sa shi barci. Idan kuskure ya faru an ba shi wani abu, ka faɗa. Ɗaga tiyata da awoyi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Baki ma yana buƙatar wanki sau biyu a rana, har ga wanda ba ya cin komai, shi ma ya fi buƙata, domin ƙwayoyin cutar da ke taruwa a busasshen baki su ne ke gangarawa huhu. Buroshi mai laushi, man goge baki kaɗan. Idan ba ya cikin hayyacinsa, a juya shi gefe, a goge da ɗan ƙyalle mai damshi, kada a zuba ruwa.

Robobi

Kanular da ke hannunsa, wato 'yar robar da aka sa a jijiya don ƙarin ruwa da magani: idan wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya yi ja ko sanyi, ko filastar ta jiƙe, ka kira nas. Kada ka taɓa abin da ke daidaita ɗigon ruwan don ledar ta ƙare da wuri. Ruwan da ya shiga da sauri yana iya cika huhun tsoho ko mai ciwon zuciya ko na ƙoda.

Jakar fitsari kullum ta kasance ƙasa da mara, a rataye a jikin gado, ba a kan katifa ba kuma ba a ƙasa ba, don kada fitsari ya koma mafitsara da ƙwayar cuta. Bayan kowane juyi ka bi robar da ido ka ga ba ta lanƙwashe ba, bai kuma kwanta a kanta ba. Babban mutum yakan fitar da aƙalla kusan mililita 30 a awa. Idan awoyi sun wuce jakar ba ta ƙaru ba, ko fitsarin ya yi duhu sosai ko akwai jini, wannan labari ne da nake so in ji da wuri. Kuma kowace safiya ka tambayi likita ko har yanzu ana buƙatar robar, domin kowace rana da ta ƙara a jiki haɗarin kamuwa da cuta ƙaruwa yake yi.

Kusa da oksijin babu ashana, babu sigari, babu duk wani abu mai wuta. Kada a shafa masa basilin ko man shafawa mai maiƙo a hanci da leɓe, a nemi wanda aka yi da ruwa. Kada kuma ka ƙara ko ka rage iskar da kanka.

Tashi daga gado

Kwanciya tana cinye ƙarfin tsoka da sauri, musamman ga tsoho, don haka da zarar likita ya ba da izini a fara tashi. Amma tashin farko shi ne mai haɗari. Jinin da ya saba da kwanciya yana zubowa ƙafa idan an miƙe, sai jiri ya ɗebi mutum. A saukar da gadon ƙasa, a taka birkinsa, ya zauna a baki ƙafafu a ƙasa na minti ɗaya ko biyu, ka tambaye shi ko yana ganin duhu-duhu. Sannan ya miƙe, kana tsaye a ɓangarensa mai rauni. Takalmi mai kama ƙasa, ba safa kaɗai ba. Idan ya fara sulalewa kada ka yi ƙoƙarin riƙe shi a tsaye, ka jingina shi da jikinka ku sauka ƙasa a hankali kana kare kansa, sannan ka yi kira.

Mafi yawan faɗuwar da na gani da dare ne, a hanyar banɗaki, mutum yana jin nauyin ya tashi mai jinyarsa. Kafin ka kwanta ka kai shi ya zaga, ka ajiye ruwa da tabarau da abin kira inda hannunsa zai kai, ka ce masa: Baba, don Allah ko sau goma ne ka tashe ni, abin da ya kawo ni ke nan.

Wanda bai isa tashi ba, ya riƙa motsa ƙafa, yana ɗaga yatsu sama yana mayar da su ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, sau goma ko fiye a kowace awa idan yana farke. Wannan yana tura jini, ya rage haɗarin daskarewarsa a sha-raɓa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi da ciwo, kada a yi mata tausa, don gudan jinin yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Wanda aka yi wa aiki a ciki kuma ya riƙa jan dogon numfashi yana tari, ya rungume filo a kan ɗinkin don rage zafi.

Idan ya fara sambatu

Tsohon da jiya yake hira lafiya, yau da dare bai gane 'yarsa ba, yana fizge robobi, yana cewa akwai mutane a jikin bango. Iyali sukan firgita su ce ya haukace, wasu kuma su ce ai tsufa ne. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya alama ce ta wani abu a jiki: zazzaɓi, cutar mafitsara, ƙarancin oksijin, ƙarancin ruwa ko sukari, fitsarin da ya ƙi fita, bahayar da ta ƙi zuwa kwana da kwanaki, ko wani magani. Akwai kuma irin ta shiru, wadda mutum yake ta barci ba ya kula kowa, ita ce aka fi rasa ganewa. Kai ne ka san yadda yake a gida, saboda haka idan ka ce mini ba haka yake ba, zan saurare ka. Kada ka yi masa gardama, kada a ɗaure shi. Ka sa masa tabarausa da na'urar ƙara ji idan yana amfani da su, a buɗe labule da rana, a rage fitila da hayaniya da dare, ka riƙa gaya masa inda yake da ranar da ake ciki cikin murya mai sanyi.

Ciwo da mutunci

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mukan tambayi majinyaci ya ba ciwonsa maki daga 0 zuwa 10, kuma abin da ya faɗa shi muke rubutawa. Kada ka ce masa ya daure har sai ya kai maƙura, domin ciwon da aka bari ya yi ƙarfi ya fi wuyar saukarwa, kuma mai jin zafi ba ya tari, ba ya juyawa, ba ya barci. Wanda ba ya iya magana, ka karanta fuskarsa: yamutsa goshi, nishi, ƙanƙame jiki idan an taɓa shi. Duk maganin da yake sha a gida, ko wanda wani ya kawo da kyakkyawar niyya, ka nuna mana kafin ya shiga bakinsa, kuma ka faɗi duk wanda ya taɓa yi masa illa.

Wurin wanka a kan gado, a ja labule, a rufe shi da zani, a buɗe wurin da ake wankewa kaɗai. A fara da fuska, a ƙare da al'aura da baya, a canza ruwa da ƙyalle kafin nan. Ka gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannunka. Abin da zai iya yi da kansa ka bar shi ya yi, ko da goge fuska ne. Idan ya ɓata shimfiɗa, fuskarka yake kallo, don haka kada ka yamutsa ta. Mutumin da ya yi shekara saba'in yana rufa wa kansa asiri, wannan lokacin ya fi masa allura ciwo. Kuma ko ba ya cikin hayyacinsa ka gaya masa abin da za ka yi kafin ka taɓa shi: Mama, zan juya ki yanzu. Na ga waɗanda suka farfaɗo suka maimaita maganar da aka yi a kansu.

Lokacin da ba a jiran zagayen safe

A babban mutum, bugun zuciya yakan kasance 60 zuwa 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20. Numfashi shi ne wanda za ka iya ƙirgawa ba da wata na'ura ba: ka kalli ƙirjinsa yana tashi na minti ɗaya cur, ba tare da ka gaya masa ba. Sau da yawa shi ne yake fara canzawa kafin komai. Idan ya haura 24, ko yana haki, ko leɓe da farce sun canza launi, ko zafin jiki ya kai digiri 38, ko yana ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko bandeji ya jiƙe da jini, ko ka tashe shi ya ƙi tashi sosai, ka zo ka same ni ko ƙarfe nawa ne. Idan ka ga ina kan wani gadon, ka faɗi abin da ka gani kai tsaye: numfashinsa 30 ne, awa ɗaya da ta wuce 18 ne. Wannan jumlar za ta sa in ajiye abin da ke hannuna.

Shi ya sa nake so ka sami ɗan littafi da biro tun yau. Ka rubuta lokacin da aka juya shi da ɓangaren da ya kwanta, abin da ya ci da yawan ruwan da ya sha, yaushe ya yi fitsari da bahaya, da tambayoyin da kake son yi wa likita, don idan suka zo zagaye mutum yakan manta rabi. Idan wani ɗan'uwa ya zo karɓarka, ka miƙa masa littafin, ka nuna masa dundunniya da bayan da hannunka, ka gaya masa ƙarfe nawa juyi na gaba yake. Sannan ka je ka ci abinci ka yi barci.